Foldar Gwani

A ofishinmu kowa da foldarsa. Idan ka buɗe manhajar da muke rubuta kod a cikinta, wato umarnin da kwamfuta ke bi, gefen hagu na allo zai jero maka sunayenmu kamar rajistar aji: dogo, gwani, kawu, mamanbiyu. Duk abin da mutum ya rubuta, ko wane irin aiki yake yi, cikin foldarsa yake zama. Fayil ɗin da ke buga katin sakamako yana wajen Dogo, don kawai shi ne yake kusa ranar da aka buƙace shi. Kawu ni ne. Aikina gwaji, in tabbatar abin da suka rubuta yana yin abin da suka ce yana yi.

Manhaja ɗaya muke sayarwa, ta makarantu. Tana riƙe sunayen ɗalibai, ta haɗa maki, ta buga kati, ta aika wa iyaye saƙo a waya. Gwani ne ya rubuta ƙashin bayanta, fayil sittin da ɗaya. Yayansa, wanda muke kira Yallaɓai, shi ne shugaban ofis, amma bai iya kod ba. Shi ke yawon makarantu da jaka yana shawo kan shugabanni. Shekara uku ke nan da rasuwar Gwani, bayan jinyar wata biyar.

Sati biyu da rasuwar, Yallaɓai ya tara mu ya kafa doka.

"Foldar ƙanena, ba mai canza ko harafi ɗaya a cikinta. Wanda ya taɓa ta ya ɗauki jakarsa, ko wane ne."

Idanunsa jajaye ne ranar. Sai muka nemi dabara. In ana son gyara wani abu na Gwani, sai mutum ya kwafi fayil ɗin zuwa tasa foldar, ya gyara kwafin, ya haɗa aikinsa da shi. Na asalin yana nan yadda mai shi ya bar shi. Da haka fayil ɗin lissafin maki ya zama huɗu, kowane da halinsa.

Maman Biyu matar Gwani ce. Ɗinki take yi a gida, sai a watannin jinya, don rage zaman shiru, ya riƙa koya mata kod, kwamfuta a kan matashin kai. Bayan rasuwarsa Yallaɓai ya ba ta kujera a ofis. Duk mun ɗauka tausayi ne, kuma da farko tausayin ne. Kafin shekara ta zagayo, in abu ya gagari Dogo, teburinta yake jan kujera. 'Yan biyunta suna aji huɗu, kuma wannan kujerar ce ke ciyar da su.

Ranar wata Talata da safe shugabar wata makaranta ta bugo waya. Wata yarinya ta zo ta ɗaya a kati, saƙon da ya shiga wayar ubanta kuwa ya ce ta uku. Uban yana zaune a ofishinta, kati a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana so ya san wanne zai yarda da shi kafin ya sayi keken da ya yi alkawari.

Cikin awa ɗaya Maman Biyu ta gano bakin zaren. Muka zauna a teburin taro mu huɗu. Ta gyara mayafi, ta yi magana idonta a kan takarda, yadda take yi kullum a gaban yayan mijinta.

"Kati yana lissafi da kwafin Dogo. Saƙo yana lissafi da na asali, na Baban Biyu. Yarinyar ba ta zauna gwaji ɗaya ba, tana asibiti. Na asalin sifili yake ba wanda bai zauna ba. Dogo ya gyara wannan a nasa tun bara."

"To a kwafo na asalin, a gyara, a haɗa saƙon da shi," in ji Yallaɓai.

"Ya zama biyar ke nan, Yaya."

"Ya zama goma ma."

"Akwai wata hanya. A rushe foldar kowa, a tara fayiloli bisa aikinsu. Na maki su zauna ƙunshi ɗaya, na saƙo ƙunshi ɗaya, na kati haka, na ɗalibai haka. Lissafin maki ya zama guda ɗaya tak, kowa ya kira shi. Ko a shagon ɗinki ba a ajiye zare a akwatin wanda ya sayo shi."

"Foldar kowa kika ce."

"Ta kowa."

"Ba a gaya miki dokar wurin nan ba?"

"An gaya mini tun ranar da na fara."

"To an gama magana. Dogo, ka yi kwafin."

Ya tashi ya shige ofishinsa. Teburina yana jikin gilashin ofishin, don haka na san abin da sauran ba su sani ba. Kusan kowace safiya, kafin ya fara waya, yakan buɗe foldar Gwani. Kod ɗin ba ya gane shi, amma Gwani yana da ɗabi'ar barin 'yan bayanai tsakanin layuka, su yake bi yana karantawa. Akwai wanda ke cewa, "Yaya, in kai ne ke karanta nan, rufe ka je ka nemo mana makarantu." Nan yake yawan tsayawa.

Lokacin cin abinci Maman Biyu ta zo ta tsaya a kaina da kwanonta a hannu.

"Kawu, gwajinka nawa ne yanzu?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Minti nawa suke ci?"

"Shida."

"Gobe ƙarfe goma ka kasance a kujerarka."

Dogo ya juyo da cokali a baki. "Maman Biyu, in kin ƙuduri yi, ki bari sai Asabar ba kowa. Litinin mu ce kwamfuta ce ta tashi da aljanu."

"Sata zan yi da zan jira Asabar?"

"Ni dai na ji mutumin nan da kunnena. Ko wane ne, ya ce. 'Yan biyu fa?"

"Su ma ɗalibai ne, kuma makarantarsu da manhajar nan take aiki. Ranar da ɗaya ya kwanta zazzaɓi, kana so in ce masa babansa ne ya ba shi sifili?"

Dogo ya mayar da kai cikin kwano. Ni abin da na iya cewa kawai shi ne, "Kin yi shawara da wani a gida?"

"Na yi da kai yanzu. Ka yi shiru, na ɗauka ka yarda."

Washegari ƙarfe goma ta jawo wayar babban allon bango, wanda muke nuna wa baƙi aiki a kansa, ta soka a kwamfutarta. Duk abin da take yi ya fito ɓaro-ɓaro, har mai shara da ke wucewa ta baranda zai iya karantawa. Ta ƙirƙiri ƙunshi huɗu, ta ba su suna: ɗalibai, maki, kati, saƙo.

Matsar da fayil ba kamar ɗauke kwali daga wannan ɗaki zuwa wancan ba ne. Kowane fayil yana kiran 'yan'uwansa da suna da adireshi, in ka canza wa ɗaya mazauni duk masu kiransa sun ɓata hanya. Manhajar rubutun tana iya bin su ɗaya bayan ɗaya ta gyara adireshin, amma sai ta nuna maka yawansu ta tambaye ka ko ka amince.

Da tata foldar ta fara. Fayil goma sha tara, kowane ta duba aikinsa ta tura shi inda ya dace.

"Dogo, zan shigo gidanka."

"Shigo, amma ki kau da kai, ban yi shara ba."

"Wannan mai suna sabo, da wannan sabo na ƙarshe, da wannan sabo na ƙarshe na biyu, wanne ke aiki?"

"Na tsakiyar."

"Sauran fa?"

"'Yan rakiya ne."

Ta share 'yan rakiyar. Tawa foldar ba ta ɗau lokaci ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna, suna ɗaya ne ya rage da kaya a cikinsa. Ta buɗe foldar Gwani, ta zaɓi fayil ɗin lissafin maki, ta ce a kai shi ƙunshin maki. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo: wurare arba'in da uku ke kiran wannan fayil, a gyara su duka?

A nan ƙofar gilashi ta buɗe, Yallaɓai ya fito.

Maman Biyu ta miƙe ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, ya amsa a taƙaice. Sannan ta zauna ta mayar da hannunta kan linzamin kwamfuta.

"Me nake gani a bango?"

"Aiki ne, Yaya. Na sa shi a bango don kada a ce na ɓoye."

"Ɗauke hannunki daga nan."

Ta danna. Lambobi suka gudu a ƙasan allo, fayil ɗin ya ɓace daga ƙarƙashin sunan Gwani ya bayyana a ƙarƙashin maki.

Yallaɓai ya dafa bayan kujerar da ke kusa da shi. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Abin da ya rage mana nasa ke nan."

"Ni ya bar mini biyu a gida, duk wata uku sai an canza musu takalmi. Rigunansa na rabar da su da hannuna. Shuɗiyar nan da yake so, mai gadin layinmu ke sa ta, kullum ina wucewa ina ganinta. Ban mutu ba."

Ta buɗe fayil ɗin, ta gangara, ta haskaka layi ɗaya. A bango ya fito da girma kamar allon talla.

"Layi na tamanin da bakwai. Ga kuskuren nan. Nasa ne, ba na kowa ba."

"Ki ji tsoron Allah. Mutum yana kabarinsa."

"Yana kabarinsa, Allah ya jiƙansa. Amma shekara goma sha ɗaya na zauna da shi, miji na aura, ba waliyyi ba. Yana barin makulli a jikin ƙofa, yana fita da takalmi ƙafa daban-daban, yana kuma ba yaro marar lafiya sifili."

Dogo ya yi wani tari da ba tari ba, ya sunkuya kamar biro ya faɗi masa.

"Da yana nan da bai yarda ba," in ji Yallaɓai.

"Ban san abin da zai ce ba, Yaya. Kai ma ba ka sani ba. Shekara uku kana ara masa bakinka."

Tun da na san ta ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba sai ranar. Wayar allon tana nan kusa da ƙafarsa, da ya so da ya fizge ta. Bai yi ba.

"Kin san abin da na faɗa. Ba na mayar da magana."

"Na sani. Saura sittin."

Ta juya ga kwamfutarta. Na ɗauka zai koma ofishinsa ya bugo ƙofa, amma ya tsaya. Duka sittin ɗin a tsaye ya kalle su. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja lokaci don ta ƙona masa rai ba. Kowane fayil sai ta buɗe ta karanta kansa, wani lokaci leɓenta na motsi, sannan ta tura shi. Akwatin ya fito ya tambaya, ta amince. Sau biyu ta yi shakka ta tambayi Dogo, wannan na kati ne ko na ɗalibai, ya amsa kansa a ƙasa, kamar mai ba da amsa a ɗakin jarrabawa. Wayar Yallaɓai ta yi ta ƙara a ofis har ta gaji.

Da ta gama kwashewa, ta jera fayilolin lissafin nan huɗu gefe da gefe. Ta ɗauko gyaran Dogo ta sa a na asali, ta ɗauko wani ƙaramin gyara nata ta ƙara, ta karkatar da duk masu kira zuwa gare shi, ta share ukun.

"Kawu, bismillah."

Na tayar da gwaji. Minti shida muna jira, fanka na juyawa, ƙarar babura na shigowa daga titi. Layuka suna ta fitowa kore. Dab da ƙarshe biyu suka fito ja.

"Kin gani," in ji Yallaɓai.

"Na gani. Kawu, wanne da wanne?"

"Duka na saƙo ne. Ya ce ya nemi fayil bai same shi ba."

Ta matso kusa da allo. Na ga ta goge tafin hannunta a jikin zane. Ta buɗe wannan, ta rufe, ta buɗe wancan. Dogo ya fara miƙewa, ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Sai ta sa manhajar ta nemo mata kalmar gwani a duk inda take cikin aikin. Wuri ɗaya ya fito, a wani fayil na saituna, inda aka rubuta adireshin da hannu kamar rubutun wasiƙa. Manhajar ba ta ɗauke shi kod ba, shi ya sa ba ta gyara shi ba. Ta goge tsohon adireshin ta rubuta sabo.

"Sake."

Wani minti shidan. Ɗari biyu da goma sha huɗu, kore duka.

Ta tura aikin zuwa ma'ajiyar da dukanmu ke ɗauka daga cikinta. Ba ta share foldar kowa ba, amma ma'ajiyar ba ta riƙe folda marar komai a ciki. Da na sabunta allona, sunayenmu huɗu babu ko ɗaya, sai ƙunshin nan huɗu a jere. Na san kwamfutar ofishin gilashi ma haka za ta nuna gobe da safe.

"Ɗauki jakarki," in ji Yallaɓai.

"To, Yaya."

Ta zare wayar allon ta naɗe ta yadda ta same ta. Sannan ta yagi takarda ta yi rubutu, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Layi ɗaya ne. Duk wanda ya buga shi, komai zai koma yadda yake jiya, har da sifilin. Ban kulle wa kowa hanya ba."

Ya karɓa, ya juya ya miƙa wa Dogo.

"Buga."

Dogo ya nisantar da takardar, ya kusantar da ita, ya murza ido. "Yallaɓai, tun safe idona ke yaji. Rubutun nan sai rawa yake mini. In na buga ba daidai ba, sai mu wayi gari babu manhajar gaba ɗaya."

Yallaɓai ya karɓe ta ya juyo wajena. Na girme shi da shekara takwas, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni ma ban taɓa ce masa a'a ba.

"Kawu."

"Gwaji aka ɗauke ni in yi, Yallaɓai. Na gwada, ya yi."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya shiga ofishinsa ya ja labule. Ba a buga layin ba, ranar ko bayanta. Maganar jaka kuwa bai janye ba.

Kayanta ba su da yawa: filas, darduma, littattafan rubutu uku, da ɗan matashin da take jingina baya. Na nemo kwalin takardar firinta muka zuba. Dogo ya ce zai raka ta, ta ce ya zauna, aiki na jiransa. Ni na ɗauki kwalin muka sauka bene.

A bakin titi rana ta take, muka raɓe a inuwar shagon mai gyaran waya muna jiran mota.

Na ce, "Ki bari ya huce. Jibi in ɗauki Dogo mu same shi a gida. In ta kama a sa tsohuwarsu a maganar, ba ya tsallake ta. Haƙuri kawai za a ba shi."

"Haƙurin me?"

"Ke ma kin san yadda ake yi. Ba sai mutum ya yi laifi ba."

"Kawu, ina ganin girmanka. Kada ka je, kada ka aiki kowa. Kada wanda ya ba shi haƙuri da sunana, ko a bayan idona. Ranar Juma'a zan kai masa yara su gaishe shi kamar kullum, baffansu ne. In durƙusa in gaishe shi, in tambayi jikin tsohuwa. Amma kalmar nan ba zai ji ta daga bakina ba."

"To yaran? Wata ya kusa ƙarewa."

"Yau dai akwai abinci. Gobe zan fara buga takardun neman aiki." Ta gyara mayafi. "Tsoro ina ji, in shi kake tambaya. Da za a mayar da ni ƙarfe goma na safe, a bangon nan zan sake sa shi."

Mota ta tsaya, mai karɓar kuɗi yana dukan ƙofa yana kiran unguwanni. Ta karɓi kwalin daga hannuna ta ɗora a ƙugu.

"Koma sama, Kawu, kafin a ce kai ma ka ɗauki taka jakar."